Mutum Shida Jirginka Yake Ɗauka

Kwantagora,
cikin watan Zulƙida.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babangida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rukayya da yara. Mu nan sai godiya. Hauwa ƙanwarka lafiyarta ƙalau, cikin ya shiga wata na bakwai, ƙafafu ne kawai suke kumbura mata da yamma. Mijinta ya tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da shi, har ya koma kasuwa. Tabawa maƙwabciyarmu ta zame a bakin rijiya ta goce a ƙugu, tana kwance, amma bakin nan nata bai kwanta ba. Ni kuwa gwiwa ce, ka san halinta, in hadari zai haɗo ita take riga kowa sani. Wanda jikinsa ya yi tsanani shi ne Baffanka Ɗanladi a Yawuri. Idanun sun tafi gaba ɗaya, kuma ba ya iya tashi sai an ɗaga shi. Na je na duba shi makon jiya. Na san za ka yi mamaki, domin ka san shekara talatin ke nan ban taka garin ba. Zan zo kan wannan.

Za ka ce me ya sa ban kira ka a waya ba, ga shi kusan kullum muna gaisawa. Na gwada har sau uku. Da zarar fuskarka ta fito, yara suna tsalle a bayanka suna kiran sunana, sai in ji bakina yana tambayar abin da kuka ci. Kai ɗan fari ne, ban saba haɗa ido da kai ba balle doguwar magana. Ita takarda ba ta da ido. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da furfura na shiga aji. Kwana huɗu na yi ina yi ina gogewa. Hajiya Bilki matar abokinka likita za ta koma Doha ranar Talata, ita zan ba. Na liƙe bakin ambulan da kaina, ko Hauwa ba ta karanta ba.

Na ga hotunan jirgin ruwan da ka saya a hannun abokin aikinka Bamisiren nan da ya gama aikinsa zai koma gida. Fari ne tas, da ɗan ɗaki a ƙasa da rumfa a sama, ya yi kyau, Allah Ya sa alheri. Na daɗe ina kallon rubutun da ke gefensa, ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, sai na ga ashe Inna ka sa aka rubuta. Na ajiye wayar na shiga ɗaki. Hauwa ta ɗauka kukan daɗi nake yi, ni ma na bar ta a haka.

Da na dawo sai na ci gaba da dubawa. A hoton da kake riƙe da sitiyari kana dariya, akwai wani ɗan allon ƙarfe a manne kusa da gwiwarka. Na sa yatsa biyu na buɗe hoton yadda Amira 'yarka ta koya mini. An zana ɗan mutum-mutumi a jiki, kusa da shi an rubuta shida. Turancin da ke wurin ban gane shi ba, amma na san lamba, kuma na san abin da lamba take nufi a jikin jirgi.

Sannan na sake sauraron saƙon muryar da ka aiko, inda kake ba ni labarin yadda kuka shirya washegarin Babbar Sallah. Ka ce za ku tashi daga kwatar Wakra ku tafi wani tsibiri da ake hango dogayen benayen birni daga can, ku gasa naman layya a bakin ruwa. Ka lissafo kai da Rukayya da yara biyu. Ka ce da likita da Hajiya Bilki da ɗansu daga unguwar Sumama. Ka ce da ɗaliban nan uku 'yan Kano masu zama a unguwar Farij Abdul'aziz, don ba su da kowa a ƙasar, bai kamata su yi Sallah a ɗaki ba. Sai Alhajin da ya tsaya maka har ka sami aikin nan, wanda ka ce shi ya fara cewa a sa da shi. Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa. Sha ɗaya. Ban sa tukwane da buhun gawayi da akwatin ƙanƙara ba.

A ƙarshen saƙon ka ce, “Inna, ki kwantar da hankalinki, ni ba irin gangancin da Baba ya yi zan yi ba.”

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro. Mahaifinka bai yi ganganci ba. Ni ce na bar ka ka girma kana zaton haka.

Kana da shekara bakwai a lokacin. Ranar kana gida wurin kakarka da ƙyanda, shi ya sa ba ka cikin jirgin. Bikin 'yar Kawu Mamman za a kai hayin kogi. Ka san Kawu, shi ya riƙe ni tun ina ƙarama bayan rasuwar iyayena, shi ya aurar da ni. Mahaifinka ya ce jirginsa ne zai kai 'yan biki, kuma ko kwabo ba zai karɓa ba, gudummawarsa ke nan. Jirgin katako ne dogo mai inji a baya. Shugabannin kwata sun rubuta masa lamba da jan fenti a goshi. Kullum nakan wuce ta, ado na ɗauke ta. Daga baya aka ce mini ashirin da biyar ce. Amma kada in fake da jahilci, domin ba sai na karanta ba, da bakinsa ya faɗa mini.

Yana da wata al'ada. In an gama lodi sai ya durƙusa a gefen jirgi ya buɗe tafinsa, ya ɗora babban yatsa a bakin katako, ya miƙa na tsakiya ƙasa. In ruwa ya taɓa yatsan, to, an gama, ko kaza ba za ta ƙara shiga ba. Duk Sarkawan kwatar sun san shi da wannan, har tsokanarsa suke yi suna ce masa mai awo. Ranar ya auna, ruwa ya taɓa, ya ce a kwance igiya. Sai ga Kawu ya iso a makare da mutum tara, da gadon amarya, da buhunan shinkafar gara.

Mahaifinka ya fita ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce jirgi ya cika, a ba shi ɗan lokaci ya sauke waɗannan ya dawo ya ɗauke su, kafin la'asar an haɗu duka a can. Kawu ya ɗauke kai daga gare shi. Ya dube ni kawai, ya gyara babbar rigarsa, ya juya yana kallon tudu kamar mai shirin komawa gida. Matan da ke cikin jirgi suka fara ƙus-ƙus, wai uban amarya ne za a bari a rana. Ina zaune da Hauwa goye a bayana, kunya ta rufe ni kamar in nutse. Na yafito mahaifinka, na yi ƙasa da murya na ce, “Yanzu Kawun nawa za ka bari a tsaye a gaban jama'a? Da wane ido zan dube shi?”

Ya ce, “Asabe, ruwa bai san suruki ba.”

Na ce masa in haka ne ni ma sauka zan yi, ya tafi da jirginsa. Na miƙe har na ɗora ƙafa ɗaya a kan katakon fita. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce su shigo.

Ba wata guguwa aka yi ba, kada wani ya gaya maka haka. Iska ce irin wadda take tasowa kullum bayan azahar a inda kogin ya yi faɗi, irin wadda ya ratsa sau dubu. Igiyar ruwa ta farko ta shigo ta jiƙa mana zannuwa, ta biyu ta kashe inji. Yana cewa kowa ya zauna, kowa ya zauna, amma mutane suka miƙe gaba ɗaya suka yi gefe guda. Abin da na sani bayan nan shi ne hannunsa a wuyan rigata. Ya kai ni da Hauwa jikin wani busasshen itace da ya leƙo daga ruwa, ya ce in rungume kada in saki. Ya koma ya kawo Kawu. Ya koma ya kawo wata yarinya. Ya sake komawa. Mutum biyar ne ba su fito da rai ba, shi ne na biyar.

A zaman makoki, ina cikin ɗaki a bayan labule, na ji Kawu a tsakar gida yana ce wa masu gaisuwa masu jirgin nan ba sa jin magana, lodi suke yi kamar na jaki, ga abin da yake jawowa. Na ji mutane suna cewa haka ne. Labule ne kaɗai tsakanina da su. Da na ɗaga shi na faɗi kalma biyu, da maganar ta tsaya a nan. Ban ɗaga ba. Na ce ina takaba, ba ni da bakin magana. Da na fita takaba Kawu ya kwashe mu ya kawo mu nan Kwantagora, muna ci daga tukunyarsa, sai na ce ba a ƙaryata mai ciyar da kai. Da ya rasu na ce ba a tona asirin mamaci. Kowace shekara da dalilin da nake samu. Ina ji yara a makaranta suna gaya maka ubanka ya kashe mutane don kwaɗayi, ka dawo ka tambaye ni, na ce maka ajali ne, ka je ka wanke hannu ka ci tuwo.

To ga abin da nake so ka ɗauka daga wannan. Ba mugunta ce ta nutsar da jirgin mahaifinka ba, kunya ce, kuma irin wadda aka yabe mu da ita tun muna yara. Na san ka, halina ka ɗauko ba nasa ba. Lokacin da na zo muku wankan jegon Sadik na ga yadda gidanka na Wukair yake cika ranar Juma'a, na ga ka ba baƙo gadonka ka kwana a kujera. Wannan hali ne mai kyau a tudu. Ranar nan Alhaji zai tsaya a kwata da farar shaddarsa, shi da ya yi maka hanyar aiki, ɗalibai za su zo da murnarsu, wani ma zai taho da abokin da ba a gayyata ba, ai haka muke. Za ka dubi allon nan ka ce ai yara ba a ƙirga su cikakken mutum, ai tafiyar ba nisa, ai teku a kwance yake. Duk na san waɗannan maganganun, ni na fara yin su. Sawu biyu ba abin kunya ba ne. Abin da mahaifinka ya roƙa ke nan na hana shi. Wanda ya yi fushi don an bar shi a gaɓa zai huce, yana da sauran kwanakin hucewa.

Kuskurena na biyu a jikinka na yi shi. Kai jinin Sarkawa ne, kakanninka a ruwa aka yanke musu cibi, amma ga ka da shekara talatin da bakwai ba ka iya iyo ba. Ka tuna yadda nake tare ka a zaure in ka dawo daga yawo, in ja farcena a ƙwaurinka? In farin layi ya fito na san ka shiga rafi. Sau ɗaya ya fito. Ka san abin da na yi maka da igiyar guga ranar, ba sai na rubuta ba. Ba ka ƙara zuwa ba, ni kuma na yi ta alfahari wai na tsare ɗana.

Baffanka Ɗanladi ya zo har sau uku a dogon hutu, yana roƙo in ba shi kai ko na wata ɗaya. Ya ce haƙƙinka ne a kansu, a gidansu ba a barin yaro ya kai shekara goma bai san ruwa ba. Na farko na ce ba ka da lafiya. Na biyu na tura ka gidan ƙawata na ce ka yi tafiya. Na uku na ce masa ruwansu ya ci mini ɗaya, ba zan kai musu na biyu da hannuna ba. Ya sa takalmansa ya tafi, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Bai sake zuwa ba.

Na ɗauka in na raba ka da kogi shi ke nan. Sai Allah Ya kai ka ƙasar da ruwa ya kusa kewaye ta. Ranar da ka kai mu bakin teku a Wakra da yamma, ina zaune a kan darduma ina kallonka. Ka naɗe ƙafar wando, ka shiga har idon sawu, ka tsaya kana kallon jiragen masu kamun kifi suna shigowa. Amira tana jan hannunka tana yalla Baba, yalla, wai ku tafi, ba ka ma ji ta ba. Tsayuwar mahaifinka ce sak, har yadda ka riƙe ƙugu. Tun ranar na san za a zo nan. Ban hana ka ruwa ba, iya fita daga cikinsa kawai na hana ka.

Kuma ban daddara ba. A wannan zuwan ne Amira ta kawo takarda daga makaranta, ana neman izini a fara koya musu iyo. Na ja Rukayya kicin na ce kada ta kuskura ta sa hannu, na ce in ta sa ban yafe ba. Yarinyar kirki, ta bi maganata, ban sani ba ko ta taɓa gaya maka. Ka ce mata na janye, na kuma roƙe ta gafara. A sa Amira, a sa maigidana Sadik, ita ma Rukayya ta nemi inda mata suke koya. Kai ma ka je. Na san akwai nauyi a ce babban injiniya yana fantsama a wurin da yara suke, yana riƙe da bango. Ka daure. Rigunan nan masu launin ruwan lemo da suke hana nutsewa, na gan su a hoto a jibge a ƙarƙashin kujera, har da ledarsu. A jiki ake son su tun daga kwata, a ɗaure, ko ana zafi kamar me. Ranar da muka kife ko salati ban gama ba, balle a ce in buɗe leda.

Tunda na ambaci nauyin koyo, bari in gaya maka nawa. Lokacin da kake karatu a Zariya kana aiko mini da wasiƙa, sai na kai wa ɗan Tabawa ya karanta mini, shi kuma zai rubuta amsa. Duk abin da ke raina ba ya faɗuwa a gaban ɗan mutane, sai in ce ya rubuta muna lafiya, a yi karatu da kyau. Wannan ya sa daga baya na shiga ajin manya na Islamiyyar unguwarmu. Malamar ba ta kai Hauwa shekaru ba. Wata biyar na yi ina zaune a baya, in ta ce an gane in gyaɗa kai da ƙarfi fiye da kowa, alhali ko harafin “ba” da na “da” ban rarrabe ba. Girman kai ne, ina ganin na haifi kamarta. Ranar jarrabawa na miƙa farar takarda. Sai da na je gidansu na zauna a tabarma na ce 'yata, ban san komai ba, fara mini daga farko, sannan karatu ya shiga.

Na kawo wannan ne saboda bidiyon da Rukayya ta ɗauka ranar da kake gwada shigar da jirgin ma'ajiyarsa. Na kalle shi ya fi sau goma. Ka taho da gudu, ka ja baya, gindin jirgin ya juya inda ba ka nufa ba, ka bugi gadar katako har mai ɗaukar hoton ta yi salati. Wani dattijo baƙi siriri, da zane ɗaure a ƙugu, ya taso daga jirgin kamun kifi yana yi maka nuni da hannu. Na ji ka ce masa halas, halas, wato ya isa, kana dariya, kana ɗaga masa hannu ya koma. Na san ka yi kwas na 'yan kwanaki an ba ka lasisi. Ni ma an ba ni takardar shaida a Islamiyya, amma ga rubutuna kana gani. Ka nemi dattijon nan ka ba shi haƙuri. Ka kai masa shayi, ka zauna ƙasa da shi, ka roƙe shi ya fita da kai sau da yawa, ku biyu kawai, kafin ka ɗauki ran kowa.

Yanzu maganar Yawuri. Da na ƙirga sha ɗayan nan na kasa zama, na ce da Hauwa asibiti zan je a duba gwiwa, na hau mota. Na sami Baffanka kwance a rumfar ƙofar ɗakinsa, ana jin ƙarar injinan jirage daga kwata. Sallama ɗaya na yi ya ce, Asabe ce? Na durƙusa a gabansa. Da na ba shi labarin jirginka ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ya tambaya ko da gaske ruwan can gishiri ne, kuma wai kifinsa yana da daɗi ko sai a hankali.

Ya ba ni saƙo gare ka, na sa ya faɗa a hankali ina rubutawa a bayan takardar magani. Ya ce jirgi ba shi da birki, don haka kada ka nufi gaɓa da gudun da ba ka yarda ka buge ta da shi ba. Ya ce in ka zo kwata ka tarar masunta suna zaune suna gyaran koma alhali lokacin fita ne, kada ka kunna inji, ka je ka tambaye su abin da suka gani. Na gaya masa Rukayya ta ce a watannin nan akwai iskar arewa da take tasowa a can ba sallama, mai ɗauke da ƙura. Ya ce to ka fita kana fuskantar iska, don in ta ƙaru ita za ta koro ka gida. Ya ce ka koyi launin ruwa, inda ya yi haske babu zurfi. Ya ce tun kafin a kwance igiya ka gaya wa kowa, har wanda ya haife ka, cewa a cikin jirgi magana ɗaya ce, taka, kuma in jirgi ya girgiza zama ake yi. Akwai wata igiya da Rukayya ta ce ana ɗaurawa a hannu, in mai tuƙi ya faɗa ruwa ta kashe inji. Da na kwatanta masa ya ce su ba su da ita a zamaninsu, da suna da ita da wane da wane suna nan da ƙafafunsu. A bidiyon na gan ta tana lilo a jikin makulli.

Da ya gama sai na ce ina da maganar da na zo da ita. Na fara ba shi labarin ranar, na kai wurin da na yafito mahaifinka. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

Ya ce, “Ni na kwance muku igiya ranar. Ina tsaye a bayanki, na ji abin da kika ce.”

Na ce to me ya hana shi faɗa, ana zagin ɗan'uwansa a gabansa shekara da shekaru?

Ya ce, “Da na faɗa, Mamman zai riƙe ku? Na zaɓi yara su sami tuwo. Shi mai awo ya san abin da ya auna, Allah ma Ya sani. Amma yaron nan ya kamata ya ji, kuma daga bakinki.”

Mutumin da na kora daga zaure ba ko kurɓar ruwa, ashe shi yake rufe da ni duk tsawon shekarun nan. Ka kira shi, Babangida, kada ka jinkirta. Jikansa yana da waya, na rubuta lambar a bayan ambulan. Jikin nasa ba na jira ba ne.

Ban ce ka sayar da jirginka ba. Da a bara ne da abin da zan ce ke nan, in haɗa da kuka da rantsuwa, kai kuma ka bi don kana jin maganata, in ƙara cutar da kai a karo na biyu. Ka riƙe abinka, gadonka ne. Abin da nake roƙo shi ne kada jikokina su shiga sai ranar da ka aiko mini da bidiyonka kana ratsa ruwa daga wannan bango zuwa wancan ba mai riƙe da kai, ko da Sallar nan za ta wuce su. Kuma ko da su ko ba su, kada a wuce abin da aka rubuta a allon nan, kai ma a cikin lissafi.

Na san abin da zai yi maka wuya shi ne buɗe baki a gaban Alhaji. To na sauƙaƙa maka. Ka ce uwarka ce ta hana. Ka ce wata tsohuwa ce a Kwantagora mai tsoron ruwa, ba ta san komai ba sai rigima, ta sa ka yi mata alkawari, kai kuma ba ka iya saɓa mata. Su yi dariya, su ce tsofaffin gida sai haƙuri. Ba mai ganin laifin wanda ya bi maganar uwarsa. Shekara talatin wani yana ɗauke da laifina, in an ɗora mini wannan ɗan kaɗan zan iya.

Sai sunan da ka rubuta a gefen jirgin. Na gode, Allah Ya yi maka albarka, amma ba ni ce na cancanta ba. In akwai sauran fenti, akwai mai shi. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa kiran sunansa ba, ko a bayan idonsa, haka aka koya mana. Ba a ce kada a rubuta ba. Shi ne abu na farko da na roƙi malama ta koya mini bayan nawa, na cika littafi guda da shi na ɓoye a ƙasan akwati. Ga shi: Haruna.

Allah Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a ruwa, Ya tsare waɗanda suka amince suka shiga bayanka. Allah Ya fitar da ku lafiya Ya dawo da ku a ƙirge. Allah Ya jiƙan mahaifinka da waɗanda suka tafi tare da shi, Ya gafarta wa Kawu, ni ma Ya gafarta mini. Ka gaida Rukayya, ka shafa mini kan Amira, ka ce wa maigidana cefanen da ya yi mini alkawari har yau ban gani ba.

Ina son amsa kafin ranar hawan Arfa. Kada ka kira, in na ga fuskarka zan koma tambayar abinci. Ka rubuta da hannunka, manya-manya yadda zan iya karantawa ba sai na nemi kowa ba, ka ɗauki hotonta ka turo. Ka rubuta mini sunayen waɗanda za su shiga sawun farko, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, in ƙirga da yatsana. In kuma ka samu a ranka ka yafe mini, ka sa a ƙasa. In ba ka samu ba tukuna, ka turo sunayen kawai, sauran zan jira.

Mahaifiyarka,
Asabe